Skyrim: Ina Ya Yi Zarra, Ina Kuma Ya Gaza?

Wane irin wasa ne Skyrim?

Wasan bidiyo ne. Kamfanin Bethesda na Amurka ne ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma shi ne na biyar a jerin The Elder Scrolls. Wasan yana buɗewa ne kana ɗaure a keken doki, za a kai ka garin Helgen a fille maka kai. Ana gab da sauke gatari sai Alduin, dodo mai fukafukai da aman wuta, ya far wa garin. Da ka tsira, ƙasar Skyrim ta buɗe maka: tsaunuka masu ƙanƙara, dazuzzuka, da birane irin su Whiterun, Riften da Solitude.

Me ya sa har yau mutane ba su rabu da shi ba?

Saboda sakin marar da yake yi maka. Za ka fita da niyyar kai saƙo Whiterun, a hanya ka hango kango a kan dutse, ka ce bari in leƙa. A ciki ka tsinci takarda a jikin gawa, takardar ta kai ka kogo, kogon ya ɓulle wani wuri. Kafin ka ankara awa uku ta wuce, saƙon yana nan a jaka. Duk wanda ya taɓa gangarawa ƙarƙashin ƙasa ya tsinci kansa a Blackreach, makeken kogon nan mai shuɗin haske, ya san abin da nake nufi.

Tsarin gwaninta ma ya yi ma'ana. Fannoni 18 ne, kowanne kuma da yi yake ƙaruwa, kamar yaron maƙera. Ka yawaita harbi da baka, ka zama maharbi. Ka dage da ƙira, makamanka su fi na kasuwa. Ba a tilasta maka zaɓar sana'a tun daga farko.

To, ina matsalar take?

Tana cikin wannan sakin marar. Don kada a rufe maka wata ƙofa, sai duniyar ta daina lura da kai. Kana iya shugabantar mayaƙan Companions, da ƙungiyar ɓarayi ta Riften, da makasan Dark Brotherhood, duk a lokaci ɗaya, ba wanda zai ce maka kanzil. A makarantar sihiri ta Winterhold za a ɗora ka a kan kujerar shugaba alhali sihirin da ka iya bai taka kara ya karya ba. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, domin muƙamin da ba a sha wuyarsa ba ba shi da armashi.

Haka yaƙin basasa tsakanin sojojin daula da 'yan tawayen Ulfric Stormcloak. Ka zaɓi ɓangare, ka ci birane, a sauya sarakuna da masu gadi, amma rayuwar talakan gari tana nan yadda ka same ta.

Faɗan fa?

Nan ma akwai rauni. Saran takobi ba shi da nauyi, abokin gaba yakan sha sara kamar ba a taɓa shi ba. Shi ya sa 'yan wasa da yawa suke ƙarewa da sanɗa da kwari da baka. Kaburburan da gawarwakin draugr ke tashi a ciki kuma suna kama da juna, har mutum ya ƙosa.

Gaskiya ne yana da tangarɗa?

Gaskiya ne. Masu PlayStation 3 sun fi kowa shan wahala: ajiyar wasa (fayil ɗin da ke adana inda ka tsaya) tana girma, wasan yana ƙara sanƙarewa. Wani aiken da aka ba ka a wasan yakan maƙale, ya ƙi ƙarewa. Da yawa daga cikin kurakuran 'yan wasa ne da kansu suka gyara, ta hanyar ƙare-ƙaren da ake kira mod, kuma su ne suka tsawaita ran wasan. An sake fitar da shi da gyare-gyare a 2016, sannan a 2021.

Zan iya buga shi a waya?

Ba a yi shi don waya ba. Sai kwamfuta, PlayStation, Xbox ko Nintendo Switch. Sauke shi yana cin data, amma buga shi ba ya buƙatar intanet, tunda wasan mutum ɗaya ne. Babu shi da Hausa, kuma akwai zubar da jini da sihiri a ciki, don haka na manya ne, iyaye su kula.