Kalmar "Perspicacious" a Harshen Ingilishi

"Perspicacious" siffa ce a harshen Ingilishi da ake bai wa mutumin da ke saurin gane abin da ya shige wa sauran jama'a duhu, wanda ba ya tsayawa ga zahirin magana sai ya kai ga abin da ke ƙarƙashinta. Sunan wannan hali shi ne "perspicacity", wato kaifin basira.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga "perspicax", wadda ta samo tushe daga aikatau "perspicere". Wannan aikatau haɗin gaɓoɓi biyu ne, "per" mai nufin ratsawa da "specere" mai nufin dubawa, don haka ma'anarsa ita ce ido ya ratsa abu har ya ga abin da ke bayansa. Sunan, wato "perspicacity", ya shiga Ingilishi a ƙarni na 16, siffar kuma ta biyo baya a ƙarni na 17. A da ana faɗinta har ga mai kaifin ido na zahiri, amma wannan ma'ana ta gushe, ganin zuci kaɗai ya rage. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar fahimtar wannan sauyi ba, domin "basira" da muka aro daga Larabci ita ma daga tushen gani ta fito.

Ana yawan jera "perspicacious" da "shrewd" da "astute", sai dai akwai bambanci. Waɗannan biyun sun fi kusa da wayo, irin na ɗan kasuwar da ya san lokacin da zai saki kayansa, kuma sukan ɗauki ƙanshin neman riba. "Perspicacious" kuwa yabo ne tsantsa ga fahimta. Likitan da ya lura cewa majinyaci ya yi shiru a daidai inda aka tambaye shi yadda yake barci, ya kuma gane cewa a nan matsalar take, shi ne ya cancanci wannan siffa.

Kalmar ta rubutu ce, an fi cin karo da ita a sharhin littattafai da maƙalun ilimi, ba kasafai ake jin ta a hira ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita ta da "perspicuous", wadda suke tushe ɗaya. Ita "perspicuous" bayani take siffantawa, wato rubutu ko jawabin da ya fito fili babu sarƙaƙiya, ita kuwa "perspicacious" mutumin da ya yi fahimtar take siffantawa.