Kallon tsuntsaye masu ƙaura a bakin koguna da fadamu

Yaushe ne ƙaurar bazara?

Daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da sanyi ke janyewa a Turai, arewacin Asiya da Amurka ta Arewa. Tsuntsayen da suka yi hunturu a ƙasashe masu ɗumi sai su koma arewa yin sheƙa. Agwagin ruwa ne ke fara tashi, masu kiwo a laka su biyo baya a Afrilu da Mayu, ƙanana masu cin ƙwari kuma sai ganye ya toho. Tafiyar gaggawa ce, ta fi ta kaka sauri, don haka wanda ka gani yau ba lallai ka iske shi jibi ba.

Me ya sa ake nemansu a bakin ruwa?

Can abincin yake. Kitse ne guzurin tsuntsu, kuma wasu ƙananan masu zama cikin ciyayin ruwa sukan kusan ninka nauyinsu kafin su ƙetare Sahara. Idan guzuri ya ƙare dole a yada zango, laka mai tsutsa da ƙananan katantanwa kuwa ita ke mayar da abin da aka rasa da wuri. Shi ya sa wurare irin su Tafkin Chadi, Kwarin Hula a Isra'ila da mashigar kogin Danube a Romaniya ke cika a wannan lokaci. Manya irin farar shamuwa ta Turai suna hawa iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa. Wannan iskar ba ta tashi a kan teku, saboda haka suke cunkoso a mashigin Jibralta tsakanin Sifen da Maroko, inda faɗin ruwan a wurin da ya fi matsewa kusan kilomita 14 ne, da kuma mashigin Bosforus a Turkiyya.

Da ƙarfe nawa ya kamata a fita?

Ka isa wurin minti 30 kafin fitowar rana. Yawancin ƙanana da dare suke tafiya, su sauka da asuba da yunwa, kuma awa biyu zuwa uku na farko ne suke kiwo a fili. Shamuwa da shaho sai hantsi, idan ƙasa ta ɗau zafi. Safiyar da ta fi kowace albarka ita ce wadda aka kwana ana iska daga kudu, sannan ruwan sama ya tare hanya kafin gari ya waye: tsuntsayen da ke sama sai su zubo wuri guda.

Inda kogi ya haɗu da teku, ka duba jadawalin cika da janyewar ruwan teku, ka je awa biyu kafin ya cika. Ruwan ne zai koro maka su kusa. Idan ya janye, nesa za su yi maka.

Wane madubin hangen nesa ya dace?

Mai lamba 8x42. Takwas na nufin yana kusanto abu sau 8, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai ƙarfin 12 ko fiye ba ya wa hannu daɗi, ɗan motsi kaɗan hoton ya yi ta rawa. Kafin ka fara, rufe gilashin dama, daidaita idon hagu da ƙarfen tsakiya, sannan ka rufe hagu ka daidaita dama da zoben da ke jikinsa. Masu kukan ciwon kai yawanci wannan suka tsallake. Faffaɗar fadama tana son babban madubi mai ƙafa uku, mai ƙarfin 20 zuwa 60, amma da rana tsaka kawalwalniya tana ɓata hoto, gara ka tsaya a 20 ko 30.

Duk kamarsu ɗaya, yaya ake bambancewa?

Kada ka fara da launi. A bazara suna sauya gashi, sai ka ga nau'i ɗaya da kamanni uku a garke guda, ƙafa kuma laka ta shafe ta. Fara da girma, ka gwada shi da wanda ka sani a gefensa. Sai baki: ya fi kai tsawo ko bai kai ba, miƙaƙƙe ne, ko ya lanƙwasa sama ko ƙasa. Sai yadda yake kiwo. Wani gudu yake ya tsaya ya tsinci abu, wani kuma caka baki yake cikin laka ba ƙaƙƙautawa kamar keken ɗinki. Ka sa rana a bayanka, in ba haka ba baƙar inuwa kawai za ka gani. Rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe littafin gane tsuntsaye, don hoton littafi yana sa ido ya ga abin da babu.

Yaya ake ƙirga babban garke?

Ƙirga 10 ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe faɗin da suka ci, ka riƙa auna sauran da shi. Idan dubbai ne, yi da 100. Sabon shiga yakan faɗi ƙasa da adadin.

Har ina za a iya matsowa?

Tsuntsun ne zai gaya maka. Idan ya bar kiwo ya ɗaga kai, ka tsaya cak. Idan ya fara takawa yana nisantarka, ka wuce iyaka, ja da baya. Duk tashin da ka sa shi yi, kitsen da yake tarawa don sauran dubban kilomita ne ya ƙone. Kada ka tsaya a kan ganuwar ruwa inda sama ke bayanka, sauko ƙasa ko ka jingina da bishiya. Bar kare a gida, kuma kada ka kunna sautin kukansu a waya don jawo su, domin namijin da ya kama wuri zai bar kiwo ya fito neman abokin faɗan da babu shi.