Kayan aikin mai gyaran injin fotokwafi da firinta

Kayan aikin mai gyaran fotokwafi su ne ƙananan kayan da injiniya yake zubawa a jaka ya bi ofisoshi da makarantu da shagunan bizines senta da su, saboda shi wannan gyaran yawanci ba a shagon mai gyara ake yinsa ba, injin ɗin yana da nauyi, yana nan inda aka ajiye shi, kai ne za ka hau mashin ko Keke Napep ka je ka same shi. A Bauchi aikin ya fi yawa a wajajen Wunti da Yelwa kusa da jami'ar ATBU da kuma Gwallameji inda fedaral foli take, a Gombe kuma kewayen jami'ar jiha da ke Tudun Wada da sakateriya, wato duk inda ɗalibai da ma'aikata suke buga takardu ba dare ba rana. Toh jakar da za a rataya a kafaɗa ba ta ɗaukar komai da komai, dole mutum ya zaɓa, kuma abubuwa uku ne suke yi masa zaɓin: irin sukurorin da ke jikin injin, ƙurar garinmu, da halin wutar lantarki.

Yadda injin yake aiki a taƙaice

Ba'amurke Chester Carlson ne ya ƙirƙiro hanyar kwafi ta busasshiyar hoda a 1938, kamfanin Xerox kuma ya fito da injin 914 a 1959, kuma har yau fotokwafi da firinta mai leza kan wannan tsarin suke. Ana caja wani bututu mai suna diram da wuta, haske ya zana rubutun a jikinsa, hodar tona ta manne a wurin, a juye ta kan takarda, sai takardar ta bi ta cikin hita ta narkar da hodar ta kama. Kusan kowane kaya da ke cikin jakar yana da alaƙa da ɗaya daga cikin matakan nan ko kuma da rolar da ke jan takarda.

Sukundireba, nan ne ake yawan yin ɓarna

Yawancin injinan da ke hannun mutane a nan na kamfanonin Japan ne, Sharp, Canon, Ricoh, Kyocera, Konica Minolta, kuma sukurorinsu masu bakin kuros ba iri ɗaya ba ne da Phillips ɗin da ake sayarwa a kasuwa ko da yake a ido sun yi kama. Nasu ana ce masa JIS, wasu ma za ka ga ɗan ɗigo a kan sukurun a gefen kuros ɗin, alamarsa kenan. In ka sa Phillips na gama-gari ba ya zama daidai, kana matsawa yana zamewa yana cin bakin, kafin ka ankara kan sukurun ya shafe, kuma sai ya zama a lungun da hannu ba ya shiga. Shi ya sa wanda ya san aikin yake neman JIS lamba 2, dogo ɗaya gajere ɗaya, kamfanin Vessel na Japan ya yi suna wajen yin su. A ganina in kuɗin mutum na abu ɗaya ne mai kyau to nan ya kamata ya sa shi, sauran kayan ko na arha ne za su yi.

Bayan shi akwai direban noti mai milimita 5.5 domin sukurori da yawa a jikin fotokwafi kansu mai kusurwa shida ne, sai Torx mai bakin tauraro irin T10 da T20 da ake gamuwa da su a wasu firintoci, da ƙaramin mai faɗin baki na ɓalle murfin roba, da ɗan saitin alanki. Bakin sukundireba mai maganaɗisu yana da daɗi sosai don sukuru ba zai faɗa cikin injin ba, amma fa kar a kai shi kusa da dibelofa, wato garin ƙarfen nan da ke ɗauko tona a injinan Sharp da Ricoh, zai kwaso shi ya ɓata wuri.

Filaya mai dogon baki dole ce, haka ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya na jan sifirin, wanda mutane suke raina shi har sai ranar da sifirin ɗin hita ya fita. Wasu da wayar keke suke lanƙwasa nasu kuma yana aiki. Akwai ƙananan zobban ƙarfe masu kamar harafin E da ke riƙe giya da rola a kan sanda, waɗannan in sun yi tsalle ba a ganinsu kuma, don haka ana riƙe 'yan kaɗan a gwangwani tare da sukurorin da aka ciro daga matattun injina, da sandar maganaɗisu mai miƙewa ta tsinto abin da ya faɗa ciki. Tocila kuwa ta goshi ta fi, hannu biyu ake buƙata, kuma shagunan da yawa ciki duhu ne in an ɗauke wuta.

Kayan share-share

Gaskiyar magana kira da yawa ba lalacewa ba ce, datti ne. Lokacin hunturu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ko'ina, ta kwanta a madubai da gilashi kwafi ya fito da duhu, ta sa rolar ɗaukar takarda ta yi santsi ta daina ja, ta rufe idon sensa injin ya riƙa cewa takarda ta maƙale alhali babu komai ciki. Da damina kuma matsalar ta juya, takarda ce ke shan danshi ta riƙa lanƙwasa a hita, shi ya sa wasu injiniyoyi suke tafe da 'yan takardu busassu masu giram 80 a cikin leda, a gwada da su a gani ko laifin injin ne ko na takardar mai shago.

Don haka tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da gashi, burushi mai taushi, auduga mai tsinke, da sifirit irin aisofurofil su ne suka fi fita daga jaka. Fetur da kalanzir ba su da wuri a nan, suna cin roba kuma ga haɗarin gobara kusa da hita. Rolar roba ma sau da yawa tsumma da ɗan ruwa ya isa. Shi diram ba a taɓa shi da yatsa kuma ba ya son haske, in an ciro shi sai a rufe da baƙar leda ko takarda, ba a ajiye shi a bakin ƙofa rana tana dukansa ana hira ba.

Maganar bulowa tana da gardama. Kowa yana da ita don tana da arha, amma hura tona a cikin ofis kawai watsa ta ake yi, ta koma kan madubi da bod, wato allon lantarkin injin, da hancin mutane. Ƙwayar tona ƙanana ce ƙwarai, wajen maikiron 5 zuwa 10, har injin zuƙar ƙura na gida ba ya riƙe ta, takan wuce ta matatar, shi ya sa akwai na musamman da aka yi don tona mai matata mai kyau. Yana da tsada kuma ba kowa ke da shi ba, wanda ba shi da shi sai ya fitar da sashen waje ya sa takunkumi ya yi a hankali. In tona ta zuba a riga ko hannu da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narkar da ita yake ta kama.

Mita da wuta

Mita, wato 'yar na'urar hannu ta auna wuta, ita ce ke raba mai gyara da mai canje-canjen kaya. Da ita ake duba fis, a duba fitilar hita ko ta yanke, a duba tamista wadda ke auna zafi, da ɗan fis ɗin zafi da ke katse wuta in abu ya wuce kima. Hita tana kaiwa wajen digiri 180 zuwa 200, saboda haka ana bari ta huce kafin a sa hannu, fitilar kuma ba a riƙe gilashinta da hannu tsirara. Wayar da ke caja diram tana ɗauke da dubban bolt, mitar hannu da iyakarta 600 ko 1000 ba a kai ta can.

Kafin ma a buɗe injin ana auna soket. Wutar Najeriya 230 ce, amma tsakanin ta gari da ta janareta tana hawa tana sauka, injin kuma in wuta ta yi ƙasa hita ba ta kai zafi sai ya jefo lambar matsala a allonsa. Akwai kuma tokumbo 'yan Amurka masu 110 zuwa 120, dole sai da taransifoma mai saukar da wuta, a karanta lambar bayan injin kafin a jona. Ƙaramin ayon na solda da dalma da salatif na wuta da fis-fis suna zama a aljihun gefe.

Laftof da littafin sabis

Injinan yanzu rabin gyaransu a lambobi yake. Sharp in ya nuna H3 ko H4 maganar hita ce kuma ko an gyara ba ya gogewa sai an shiga simuleshin 14 a wurin sabis, wato saitin da masu gyara ke shiga a injin, Ricoh lambobin da suka fara da SC54 nan suke nuni kuma su ma sai an shiga wurin sabis, HP kuma 50 ne na hita, 13 na maƙalewar takarda. Ba mai riƙe duk wannan a ka, sai a zuba littattafan sabis a waya ko laftof, da filash mai direbobi tunda ba ko'ina data ke ja ba, da wayar USB ta firinta da ta netwok ko da gajeruwa ce don gane ko matsalar daga injin take ko daga wayar ofis ɗin.

Masu taɓa firinta mai tawada irin Epson L3110 da ta cika gari suna ƙara sirinji da siririn tiyo da ruwan wanke kai da safar hannu. Giris kuma kashi biyu ne, na giyar roba daban, na ledar hitar HP da Canon mai jure zafi daban, in aka sa na mota a can ƙonewa yake ya bushe ledar ta yage. Kayan canji da ake yawo da su ba su da yawa, rolar ɗaukar takarda, bilet na share diram, tamista, da giya ɗaya ko biyu na injin da ya fi yawa a unguwar da mutum yake aiki, manyan kamar diram da bod sai an ga injin tukuna a yi oda daga Kano ko Legas.