Mece ce "bijire wa magani" a tsutsar cikin kare da kyanwa?

Akwai kalmar da ta yawaita a bakin likitocin dabbobi da masu bincike a 'yan shekarun nan, wato bijire wa magani. Mai kare kan ji ta a asibitin dabbobi ko ya ci karo da ita a intanet, sai ya ɗauka duk ranar da ya ba karensa maganin tsutsa ya sake ganin tsutsa a kashi, to ga bijirewa nan. Ba haka abin yake ba. Kalmar tana da tsayayyar ma'ana, kuma ba da ido ake gane ta ba, da ƙirga ake.

Ana cewa tsutsa ta bijire wa magani idan maganin da a da yake kashe irinta, aka ba da shi mai inganci, daidai awonsa, ta hanyar da ta dace, amma kaso mai yawa na tsutsotsin suka rayu, sannan 'ya'yansu suka gaji wannan taurin. A gadon nan gizo ke saƙa. Ba jikin kare ne ya "saba da magani" ba, kamar yadda ake yawan faɗa. A cikin dubban tsutsotsi, tun asali akan sami ƙalilan masu ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ke sa magani ba ya kama su. Duk lokacin da aka ba da maganin sai ya share masu rauni ya bar waɗannan. Su za su zuba ƙwai, 'ya'yansu ne za su cika ƙasar gidan. Magani ya zama rariya ke nan, abin da ya ƙi wucewa shi ke zama iri.

Misalin da ya tayar da hankalin masu bincike ya fito ne daga Amurka, kan tsutsa mai ƙugiya ta kare, wadda sunanta na kimiyya Ancylostoma caninum. 'Yar siririya ce, tsawonta bai fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. Tana maƙalewa a bangon ƙaramin hanji da haƙoranta tana tsotsar jini, ta saki wuri ta koma wani, ta bar na farko yana tsiyaya. Ɗan kwikwiyon da ta yi wa yawa, in ka ɗaga leɓensa za ka ga dasashi fari fat maimakon ja, kashinsa baƙi mai yauƙi kamar kwalta, ciki ya kumbura, jiki ya rame. Ta nonon uwa ma tana shiga, shi ya sa kwikwiyo ɗan sati biyu zuwa uku kan mutu da ƙarancin jini tun kafin ƙwai ya fara bayyana a kashinsa. Wannan tsutsa tana nan a karnukan ƙasar Hausa, na gadi da na farauta, kuma 'ya'yanta suna cikin masu huda fatar ƙafar mutum su bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi, musamman yaran da ke wasa a danshin yashi da damina.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Jojiya, Pablo Jimenez Castro da Ray Kaplan da abokan aikinsu, suka wallafa shaidar cewa an sami wannan tsutsa ta bijire wa dukkan manyan rukunai uku na maganin da ake ba karnuka. Da aka bi sawu, sai aka tarar tushen yana gidajen kiwon karnukan tsere, nau'in girehawun. Ɗaruruwan karnuka a wuri guda, kan yashi mai danshi, ana ɗura musu maganin tsutsa a kai a kai shekara da shekaru. Babu wata tsutsa da ke tsira sai mai taurin gado. A 2018 jihar Fulorida ta kaɗa ƙuri'ar haramta wannan tsere, aka rufe filayen zuwa ƙarshen 2020, karnuka da dama suka koma gidajen jama'a. Wani binciken da ya fito a 2023 ya duba kashin karnukan gida masu ɗauke da tsutsar daga sassan Amurka, ya sami alamar gadon bijirewa ga rukuni guda a kusan rabin samfuran. Tun kafin haka, a 2007, an nuna maganin tsutsa mai suna firantel ya rage ci a kan wannan tsutsa a Birisben ta Ostireliya.

Rukunan uku kowanne da inda yake kama tsutsa. Fenbendazol da danginsa suna manne wa wani sinadarin gina jiki a cikin ƙwayoyin tsutsar, su hana ta shan abinci har yunwa ta kashe ta, shi ya sa ake ba da shi kwana uku a jere. Canji guda a ƙwayar gadon wannan sinadari ya isa ya hana maganin mannewa. Firantel yana sandarar da tsokar tsutsa ta saki bangon hanji, kashi ya tafi da ita. Rukuni na uku, su aibamektin da moksidektin da milbemaisin, shanye ta suke yi ta yi laƙwas. Abin lura a nan, tsutsar da ta bijire wa ɗan rukuni guda galibi ta bijire wa 'yan'uwansa. Sauya sunan kamfani ko launin kwali ba sauya magani ba ne, sai an karanta sunan sinadarin da ke jiki.

To yaya ake tabbatarwa? Da gwajin raguwar ƙwai a kashi. Ranar da za a ba da magani, kafin a bayar, ana ɗibar sabon kashi, kamar cikin babban cokali, a rufe a leda ko roba. In ba za a kai ɗakin gwaji nan take ba, a sa a firji, ban da wurin ƙanƙara. A zafi irin namu ƙwan tsutsa mai ƙugiya kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kashin da ya kwana a waje zai ba da ƙirga ta ƙarya. A ɗakin gwaji, bisa hanyar McMaster, ana auna giram 4 na kashi a dama da mililita 56 na ruwan gishiri mai kauri, wanda aka zuba wa gishiri har ya daina narkewa. A tace, a cika ɗakuna biyu na wani gilashi mai zanen layuka, kowanne yana cin mililita 0.15, a jira minti biyar. Ƙwai ya fi ruwan gishirin sauƙi, sai ya taso sama. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganinsa kamar ɗan ƙwan kaza mai siririn ɓawo, da 'yan dunƙule-dunƙule a ciki. Abin da aka ƙirga a ɗakunan biyu a ninka sau 50, shi ne yawan ƙwai a giram ɗaya.

Sai a ba da magani, a jira kwana 10 zuwa 14, a maimaita gwajin a ɗakin gwaji ɗaya, da hanya ɗaya. A ce karon farko an ƙirga ƙwai 20, wato 1,000 a giram, karo na biyu 8, wato 400. Raguwar ta zama kashi 60 cikin ɗari. Maganin da ke ci ya kamata ya rage sama da kashi 95. Ƙasa da kashi 75 alama ce mai ƙarfi ta bijirewa, abin da ya faɗa tsakani kuma a sake gwaji kafin a yanke hukunci.

Ƙayyade kwanakin nan ba son wahalar da mutane ba ne. In aka yi gaggawa, a ce kwana uku bayan fenbendazol, tsutsar da ba ta mutu ba takan dakata da yin ƙwai na ɗan lokaci, ƙirga ta faɗi warwas, a ɗauka an yi nasara, bayan sati ƙwai ya dawo. In kuma aka yi jinkiri har sati uku ko wata guda, sababbin tsutsotsi sun isa balaga, a ɗora wa magani laifin da ba nasa ba.

Abubuwan da ke kama da bijirewa alhali ba ita ba ce sun fi ta yawa, kuma su ya kamata a fara kawarwa.

Na farko awo. Fenbendazol a kare miligiram 50 ne kan kowane kilo, kullum, kwana uku. Kare mai kilo 20 yana bukatar miligiram 1,000 a rana, in ruwan maganin mai ƙarfin kashi 10 ne, mililita 10 ke nan. Wanda ya ƙiyasta nauyi da ido, ko ya ba da kwana ɗaya ya tsaya, ko karen ya tofar da rabi a bayan ɗaki, bai gwada maganin ba tukuna. Mafi muni, ƙaramin awo shi ne ke horar da irin tsutsa, domin yana kashe mafi rauni ya bar masu matsakaicin tauri. Awon nauyi ba wuya, mutum ya hau sikeli da karen a hannu, ya sauka ya hau shi kaɗai, ya cire. Sai ingancin maganin kansa: jabu, wanda wa'adinsa ya wuce, ko wanda ya sha rana a tire a kasuwa. A Najeriya a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Na biyu, magani daban tsutsa daban. Aibamektin ba ya taɓa tsila. Firazikwantel, wanda ake bayarwa miligiram 5 kan kilo, tsila yake kashewa, ba ruwansa da macijin ciki ko mai ƙugiya. Firantel cikin hanji kawai yake aiki.

Na uku shi ne ya fi ruɗar da mutane. Tsutsa mai ƙugiya tana da 'ya'yan da ke laɓewa a tsoka da bangon hanji suna barci, yawancin magunguna ba sa kai musu. Da zarar an share manyan da ke cikin hanji, sai waɗannan su farka su maye gurbi, cikin sati biyu zuwa uku ƙwai ya sake bayyana. Gwajin ƙirga ne ke raba gardama. In maganin ya ci, a kwana na 10 zuwa 14 ƙirga za ta kusa sifili, daga baya ta hau. In bijirewa ce, tun farko ba za ta sauka yadda ya kamata ba.

Na huɗu, sake kamuwa daga ƙasar gida. Ƙwan da ya faɗi a danshi yana zama ɗan tsutsa mai iya shiga jiki cikin kwana biyar zuwa goma. Kwashe kashi kowace rana yana yanke wannan zagaye kafin ya kammala, aikin da babu ƙwayar da za ta yi shi. Ƙwan macijin ciki kuwa kan yi shekaru a ƙasa da ransa.

A wajen kyanwa, ƙorafin da aka fi kawowa na tsila ne: 'yan fararen gutsattsari kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a gindin wutsiya ko a inda take kwana. Wannan tsila ta ƙuma take bi. Kyanwa tana lasar jikinta ta haɗiye ƙuma, cikin sati biyu zuwa uku gutsattsarin su dawo ko da firazikwantel ya yi aikinsa tsaf. Gaskiya ne a 2018 an ba da rahoton wannan tsila ta bijire wa firazikwantel a wasu karnuka a Amurka, amma kafin a kai ga wannan zato sai an tabbatar babu ƙuma a jikin dabbar da shimfiɗarta. A nan akwai haɗarin da ya wajaba a faɗa da babbar murya: maganin ƙuma da kaska na kare mai ɗauke da fametirin guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ɗigo kaɗan a wuya na iya jawo karkarwa, dalalar miyau, farfaɗiya har mutuwa.

Wanda ya yi zaton bijirewa sau da yawa yakan ce bari ya ƙara awo, kuma a nan ake asarar dabbobi. Allurar aibamektin ta shanu mai ƙarfin kashi 1 tana da miligiram 10 a kowace mililita. Awon da likita kan yi amfani da shi don ƙazuwar kare, miligiram 0.2 kan kilo, ga kare mai kilo 10 mililita 0.2 ne kacal. Wanda ya zuƙi mililita ɗaya ya ninka sau biyar. Alamun guba su ne buɗewar ƙwayar ido, tangaɗi, makanta da suma. Karnukan Turai nau'in koli da danginsu suna da wata tawaya ta gado, wadda aka gano a 2001 a Jami'ar Jihar Washinton, da ke barin maganin ya kutsa ƙwaƙwalwa, ko awon ƙazuwar ma yana iya kayar da su. Albendazol na tumaki shi ma yana iya lalata ɓargon kare da kyanwa.

In gwaji ya tabbatar da bijirewa, likita kan haɗa rukunan uku a lokaci guda, kowanne da cikakken awonsa, sannan ya sake ƙirga. In hakan bai yi ba, akwai emodefsaid, wanda ke kama tsutsa ta wata ƙofa daban, kuma bincike ya nuna yana cin tsutsotsin da suka gagari sauran. Ba maganin da mai kare zai saya ya gwada da kansa ba ne, sai likita ya fara bincikar tsutsar zuciya a jinin karen, ya kuma yi la'akari da waccan tawaya ta gado.

Ga 'yan kwikwiyo ba a jiran gwaji. Ana fara ba su magani suna sati 2, a maimaita a sati na 4, na 6 da na 8, tare da uwarsu. 'Yan kyanwa daga sati na 3. Babban kare mai lafiya kuwa, musamman a gidan da ake tara karnuka da yawa, a riƙa kai kashinsa gwaji ana rubuta ƙirgar da sunan sinadarin da aka bayar da ranar, domin likita ya ga lokacin da raguwar ƙwai ta kashi 98 ta fara komawa 85.