Mayar da tsohuwar a-kori-kura "hot rod" da kuɗi kaɗan: wane inji, wane salo?

Wai mene ne "hot rod" ɗin, kuma me ya kawo motar gona cikin harkar?

Harkar ta samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1930. Samari kan sayi tsohuwar Ford, su cire mata duk abin da ke da nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, sannan su je su gwada gudu a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da sanin kanikanci, sai abin ya bunƙasa, har aka kafa hukumar tseren NHRA a 1951.

Ƙananan Ford na 1932, waɗanda su ne sarakunan harkar, tuni kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. A-kori-kura kuwa an ƙera ta da yawa, bodinta daban shasinta daban, noti ne kawai ya haɗa su, ga wurin zaman inji wadatacce. Mutum ɗaya da jak da sifanu zai iya wargaza ta a garejin gidansa.

Wacce ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya nema?

Waɗanda aka fi yayi su ne Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1955, da Ford F-1 ta 1948 zuwa 1952, da F-100 ta 1953 zuwa 1956, sai Chevrolet C10 da ta fito a 1960. Yayin ya sa sun yi tsada, amma kusan kowane ɓangarensu ana ƙera sabo, tun daga ƙarfen daɓe har robar gilashi. Dodge da Studebaker da International sun fi araha wajen saye, sai dai ranar da hannun ƙofa ya karye za ka san araha ba ta ado. Mai doguwar baya ma ta fi gajera sauƙin kuɗi.

Abin dubawa na farko tsatsa ce. Ka durƙusa bayan ƙofa, ka danna sukuddireba a kusurwar ƙasa ta gidan direba, ka ɗaga tabarmar ƙasa ka leƙa inda bodi ya zauna kan shasi. Ka bi gefen motar da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne aka shafe da fenti. Injin da ya mutu ana sauya shi cikin 'yan kwanaki, amma ruɓaɓɓen bodi sai ya ci watanni ana walda. Shi ya sa masu saye ke rububin motocin jihohi masu bushewa kamar Arizona.

Salo za a fara zaɓa ko inji?

Salo, domin shi ke faɗa maka injin. Mai son salon gargajiya, wato motar ta fito kamar an haɗa ta a 1955, da siraran tayoyi masu farin gefe da jan wili, dole injinsa ya dace da zamanin, don duk inda ya tsaya bonet za a buɗe. Akwai salon da ake barin tsohon fenti yadda rana ta ƙona shi, a wanke a shafa mai, a saukar da motar ƙasa kaɗan, wani ma ya rubuta sunan wani tsohon shago a ƙofa. Ni dai wannan nake ba mai ƙaramin aljihu shawara, don fenti mai kyau da gyaran bodin da ke gabansa kan lashe kuɗin da ya fi na inji. Sai wanda suke kira "rat rod", inda ake ƙawa da tsatsa da tarkace. Yana da nasa masoya, amma da yawa suna fakewa da sunan ne su ɓoye waldar da ba ta da kyau.

Yanke rufi a rage masa tsawo yana da ban sha'awa, sai dai aikin gwanaye ne, har da yankan gilashi. Wanda bai taɓa ba ya bar shi.

To injin Ford na asali, "flathead", fa?

Shi ne V8 ɗin, wato inji mai silinda takwas, da Ford ya fitar a 1932 da ƙarfin doki 65, aka ci gaba da sa shi a motocin Amurka har 1953. Babu injin da ya kai shi kyan gani da daɗin ƙara a wannan harka. Amma hayaƙinsa ta cikin jikin injin yake bi kafin ya fita, don haka yana saurin zafi, kuma tsofaffin sukan tsage tsakanin mazaunin bawul da silinda. Sai ka saya ka kai wurin masu gwaji su ce maka ya tafi. In ka samu lafiyayye ma, za ka kashe kuɗi mai yawa ka tashi da ƙarfin da ƙaramar motar yau ta fi shi. Wanda motarsa ta zo da shi yana aiki ya riƙe abinsa; fita nemansa da ƙaramin jari kuwa ganganci ne.

Me ya sa kowa ke cewa 350?

Saboda yawansa. Ƙaramin V8 na Chevrolet ya fito a 1955, samfurin 350 mai lita 5.7 ya biyo a 1967, kuma a 2011 kamfanin GM, mai Chevrolet, ya yi bikin ƙera na miliyan 100 a wannan zuri'a. Gajere ne, kaskon baƙin mansa ta baya ya zurfafa, don haka yana zama cikin tsohon shasi ba tare da ya taɓa aksul ko sitiyari sosai ba. Da kafireto ɗaya da 'yan wayoyi kaɗan ya tashi. Aibinsa guda: ya zama ruwan dare, a wurin baje kolin motoci ba wanda zai waiwaye shi.

Abokin takararsa yanzu shi ne LS, V8 na GM da ya biyo bayansa, musamman mai lita 5.3 da aka fara sa wa a-kori-kurar Chevrolet Silverado a 1999. Yana cike a wuraren 'yan gwangwan, daga kamfani ƙarfinsa ya kai doki 270 ko fiye, bai cika yoyon mai ba, kuma ya fi 350 tattalin fetur. Sai dai kuɗin injin somin taɓi ne. Yana buƙatar kwamfutarsa da damin wayoyinsa da aka tace, da famfon mai mai matsi, sau da yawa da sabon tanki da wani kaskon mai da sababbin kujerun inji. Wanda ba ya tsoron wayarin kuma zai riƙa doguwar tafiya, LS ya fi masa. Wanda yake son ya gyara motarsa a bakin titi da filaya, 350.

Ba a iya barin mai silinda shida da ta zo da shi?

Ana iyawa, kuma shi ne mafi arha. Chevrolet 235, musamman na 1954 zuwa sama, da Ford 300 da aka ƙera daga 1965 zuwa 1996, injina ne masu jimiri. A sa musu kafireto biyu, a raba salansa gida biyu, sai su riƙa wata irin ƙara da V8 ba ya yi. Abin da ke hana tsoffin motocin nan gudu a babban titi galibi giya ce, ba inji ba. Giya biyar ta T5 da ake cirowa daga ƙaramar a-kori-kurar Chevrolet S-10 kan magance wannan. A Chevrolet 3100 ta 1954 zuwa ƙasa sai an sauya har aksul ɗin baya, don farfelarta a cikin rufaffen bututu take.

Sa injin Chevrolet a Ford laifi ne?

Masoya Ford za su yi tsaki. In kana gudun tsakin, akwai 302, V8 na Ford, amma ya ɗan fi 350 tsawo, kaskon mansa kuma yawanci ta gaba ya zurfafa, sai an sauya shi.

Ina kuɗi ke zurarewa ba a sani ba?

A birki da abin da ke kewaye da inji. Motocin kafin ƙarshen shekarun 1960 layin man birki ɗaya gare su, in bututu guda ya fashe duk tayoyi huɗu sun saki. Kafin a ninka ƙarfin inji sai a sa mastan birki mai layi biyu da birkin faifai a gaba. Sai lagireto da zai iya da sabon injin, da mayar da wuta daga bolt 6 zuwa 12 in motar ta girmi tsakiyar shekarun 1950, da bel na kujera, wanda ba ta zo da shi ba. Dabarar da masu wayo ke yi ita ce sayen mota guda da ta yi haɗari amma tana tashi, su kwashe inji da giya da aksul da wayoyi gaba ɗaya, su sayar da sauran gangar jikin ga 'yan gwangwan.