Ma'anar Ciwon Rashin Barci da Yadda Damuwa Ke Haddasa Shi

Ba duk wanda ya kwana ido biyu ne likitoci ke cewa yana fama da ciwon rashin barci ba. Mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa da uwar da jaririnta ya hana ta runtsawa, damar barcin kawai suka rasa, kuma da za a ba su tabarma a ɗaki shiru da nan take sun yi barci. Abin da ake kira insomniya a asibiti shi ne mutum ya samu lokaci da wurin kwanciya amma barcin ya ƙi zuwa, ko ya riƙa yankewa cikin dare, ko ya farka tun kafin kiran sallar farko ya kasa komawa, sannan da rana abin ya bayyana a jikinsa ta hanyar kasala da saurin fushi da mantuwa. Idan hakan yana faruwa aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, ana ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa.

Damuwar da ake nufi a nan ita ce matsin rayuwa da ke hana zuciya sukuni. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadaran kotisol da adirenalin duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai bugun zuciya ya ƙaru, sukari ya hau a jini, jiki ya shirya gudu ko faɗa. A lafiyayyen jiki, kotisol yakan sauka ƙasa sosai wajen tsakar dare, ya fara hawa gab da asuba. Sai dai jiki yakan amsa tunanin kuɗin hayan da wa'adinsa ya cika kusan yadda zai amsa ganin maciji a ɗaki. Shi ya sa magidanci zai kwanta a gajiye liƙis, amma ƙarfe 2 na dare ta same shi yana juyi, yana saƙa da warwara a kan kuɗin makarantar yara, yana jin bugun zuciyarsa a cikin matashi.

A shekarar 1987, masanin barci ɗan Amurka Arthur Spielman ya bayyana cewa abin da ke tayar da ciwon daban ne da abin da ke zaunar da shi, kuma a ganina wannan ne ya fi cancanta mai fama ya fahimta. Rasuwa ko bashi ko rasa aiki na iya fara hana barci, amma sau da yawa matsalar takan wuce ta bar rashin barcin a baya. Mutum yakan fara kwanciya da wuri don ya rama, ya yi dogon barcin rana, ya riƙa cin goro da shan shayi har yamma don ya kori kasala, alhali kafeyin, wato sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Mafi muni shi ne fargabar rashin barcin kanta ta zama sabuwar damuwa, har ƙwaƙwalwa ta saba haɗa gado da zullumi. Alamar hakan sananniya ce: mutum yana gyangyaɗi a kujerar falo, amma da zarar ya kai haƙarƙarinsa gado sai idonsa ya bushe. Washegari kuma ƙaramin abu ya isa ya ɓata masa rai, ya kwanta da damuwar da ta fi ta jiya.

Saboda haka ne a 2016 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta ba da shawarar a fara da gyaran tunani da ɗabi'un barci kafin a kai ga ƙwaya. Ana koya wa mai fama ya tsayar da lokacin tashi guda kullum, ya daina duba agogo, kuma idan ya yi kamar minti 20 barci bai zo ba ya tashi ya zauna a wani wuri mai ƙarancin haske har sai ya ji barci. Sayen ƙwayoyi irin su Valium a kemis ba tare da takardar likita ba yana da haɗari, domin jiki yakan saba da su har ya kasa barci sai da su. Wanda abin ya kai masa wata 3, ko yake tafe da minshari mai sarƙewar numfashi ko baƙin ciki mai tsanani, ya kamata likita ya duba shi.