Wane Ne "Tsohon Jarumi"?

Kwanan nan da wuya ka saurari shirin nishaɗi a rediyo, ko ka leƙa shafin labaran fina-finai, ba ka ci karo da wannan furuci ba. Za ka ji mai gabatarwa ya ce tsohon jarumi Sylvester Stallone zai fito a sabon fim, ko tsohon jarumin Indiya Rajinikanth ya sake cika gidajen sinima. Duk lokacin da na ji haka sai kunnena ya ƙi karɓa. In ya zama tsohon jarumi, wa ya mayar da shi bakin aiki?

Bahaushe yana amfani da "tsohon" ta hanya fiye da ɗaya, kuma kunne ya san wacce ake nufi tun kafin a ƙarasa magana. In aka jingina ta da muƙami ko sana'a, ma'anarta mutum ya sauka ko ya bari: tsohon gwamna ba ya sa hannu a takardar gwamnati, tsohon ɗan ƙwallo ya rataye takalmi, tsohon soja ya tuɓe kaki. Akwai kuma "tsohon hannu", wanda ya daɗe yana abu har ya goge, kuma yana nan yana yi. Sai tsufa na shekaru, wanda in muna son faɗinsa da girmamawa mukan ce dattijo. Jarumi a bakin 'yan jarida sana'a ce, don haka "tsohon jarumi" kai tsaye yana faɗawa layin tsohon gwamna ne. Mai sauraro sai ya ɗauka mutumin ya ajiye fim, alhali abin da ake son gaya masa shi ne mutumin ya manyanta amma har gobe shi ke jan fim. An so a yaba, an ɓuge da yi wa mutum ritayar dole.

Ita kanta "jarumi" ta sha wuya, domin yanzu duk wanda fuskarsa ta gifta a allo jarumi ne, ko da ƙofa kawai ya buɗe. Ɗan wasa shi ne mutumin, jarumi kuwa matsayi ne a cikin labari. Yaran da ke cewa "akta" da "bos" sun fi mu tsare wannan bambancin, don sun san matsayi suke kira. Amma wannan maganar wata rana ce.

Abin da ake ta kewaye-kewaye a kansa wani rukuni ne na fina-finan faɗa, waɗanda ke ɗora labari kacokan a kan mutumin da ya haura hamsin, wani lokaci ma saba'in. Masu sharhin fim na Turanci sun laƙaba masa suna "geriaction", inda suka haɗa kalmar da likitoci ke kiran sashen kula da tsofaffi da kalmar fim ɗin faɗa. Sunan bai yi mini ba, akwai reni a cikinsa. Ni dai "dattijon jarumi" nake cewa, kuma ina ganin ya fi ɗaukar abin da fina-finan ke ƙunshe da shi.

Abin ba sabo ba ne. Charles Bronson ya wuce hamsin lokacin da Death Wish ya fito a 1974, Clint Eastwood kuma yana da shekara 62 ya yi Unforgiven a 1992, fim ɗin da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim na shekara. Amma wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Taken, fim ɗin da Faransawa suka shirya da Turanci, ya fito a 2008. Liam Neeson, jarumin fim ɗin, haifaffen 1952, ba a san shi da doke-doke ba a lokacin. An fi saninsa da Schindler's List na 1993, ko da yake ya yi dambe yana saurayi a Ireland ta Arewa. Shi kansa ya sha faɗin cewa ya zaci fim ɗin ba zai ma shiga sinima ba, a faifai zai ƙare. An kashe kimanin dala miliyan 25, fim ɗin ya dawo da sama da miliyan 220.

Mutane sun fi tuna wayar da ya yi a fim ɗin da waɗanda suka sace 'yarsa a Paris, amma ni a wurina sirrin fim ɗin yana cikin mintunan farko, kafin a harba ko harsashi ɗaya. Ga mutum ya bar aikin leƙen asirin Amurka don ya kusanci 'yarsa, aure ya mutu, matar ta auri attajiri. Ranar da yarinyar ta cika shekara 17 ya zo da 'yar na'urar waƙa da ya daɗe yana dubawa kafin ya saya, ya naɗe ta da hannunsa. Ta yi murna, ta rungume shi. Can sai mijin uwarta ya fito mata da doki. Yarinya ta ajiye na'ura ta ruga. Kyamara ta tsaya a kan uban yana tsaye shi kaɗai. Daga baya ta nemi izinin tafiya Paris, ya yi ta jan kunne, ya kafa sharuɗɗa, uwa da 'ya suka ɗauke shi mai tsoron banza wanda bai san zamani ba. To, duk abin da ya biyo baya, duk ƙasusuwan da ya karya a Paris, amsa ce ga waɗancan mintuna. Abin da ya hango ya faru, kuma duk dukiyar attajirin nan ba ta iya komai ba sai da aka koma wurin wanda aka ajiye a gefe.

Ku lura da wani abu a nan, domin shi ne tushen ruɗanin. Mutumin da ke cikin labarin tsoho ne a ma'ana ta farko: tsohon jami'in leƙen asiri. Haka yake a kusan dukkan irin waɗannan fina-finai. Denzel Washington a The Equalizer na 2014 tsohon jami'i ne da ya koma aiki a kantin kayan gini. Keanu Reeves a John Wick, shi ma na 2014, tsohon makashi ne da ya tuba saboda aure. Rajinikanth a Jailer na 2023 tsohon gandiroba ne mai renon jika. Labarin ne ke cewa "tsohon", ɗan wasan kuwa yana tsakiyar cin kasuwarsa. Mai gabatar da shiri sai ya ɗauki sifar wanda ke cikin labari ya manna wa wanda ya taka rawar.

Me ya sa magidanta ke son wannan labari haka? Amsar da aka fi bayarwa ita ce kewar zamanin baya, wai sun taso da kaset ɗin bidiyo na Rambo ne, shi ya sa suke son sake ganin fuskar da suka sani. Akwai gaskiya a ciki. Top Gun: Maverick ya fito a 2022, shekara 36 bayan na farko, Tom Cruise yana dab da cika sittin, ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi, kuma fiye da rabin waɗanda suka kalle shi a makon farko a Amurka sun haura shekara 35. Sai dai kewa kaɗai ba za ta bayyana Taken ba, tunda babu wanda ya taso yana kallon Neeson yana naushi. Abin da ke jan mai shekara hamsin ya fi haka zurfi. Shi ne mutumin da a wurin aiki aka fara kawo masa yara masu digiri su zama shugabanninsa, a gida 'ya'ya sun fara amsa masa da "to" suna kallon waya, gwiwa kuma ta fara ƙara in ya miƙe. Jarumi matashi yana gaya masa abin da ya wuce shi. Dattijon jarumi yana gaya masa cewa abin da ya tara a kai bai lalace ba, kuma akwai ranar da za a neme shi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan "tsohuwar" ba ta nufin zumar ta daina zama zuma.

Shi ya sa salon faɗan ma daban yake. Saurayi a fim yana tsalle, yana juyi, yana ɗaukar duka goma ya tashi. Dattijo ba shi da wannan jarin. Yana shiga ɗaki ya ƙirga ƙofofi, ya lura da wanda hannunsa ke cikin aljihu, ya gama da mutum a motsi biyu don ya san ba shi da numfashin na uku. Kuma kusan kullum yana da abin da zai rasa: 'ya, jika, ko ɗan kwanciyar hankalin da ya samu a makare. Jackie Chan, wanda duniya ta sani da barkwanci da tsalle-tsalle, a The Foreigner na 2017 ya fito yana da shekara 63, uba ne da bam ya kashe masa 'ya a Landan, yana tafiya a sunkuye, in ya faɗi sai ka ji faɗuwar a jikinka.

A nan nake da tsauri. Ba kowane fim da dattijo ya ja ne fim ɗin dattijon jarumi ba. Sharaɗin shi ne fim ya yarda da shekarun mutumin. A Unforgiven, Eastwood ya kasa hawa dokinsa da farko, ya kasa samun gwangwani da ƙaramar bindiga sai da ya ɗauko babba; wannan gaskiyar ce ta sa ƙarshen fim ɗin ke da nauyi. Amma in aka rina furfura, aka goge tamoji da kwamfuta, aka sa wani ya yi gudun sannan aka manna fuskar tauraro, to an cire abin da ya sa magidanci ya zauna kallo. Ko Neeson bai tsira ba: a kashi na uku na Taken akwai wurin da zai tsallake shinge, aka yayyanka hoton fiye da sau goma cikin 'yan daƙiƙoƙi don kada a ga jikin bai iya ba. Ina ma sun bar shi ya nemi ƙofa, kamar yadda mai shekarunsa zai yi. Indiana Jones na 2023 ya buɗe da dogon sashe da aka mayar da Harrison Ford matashi da kwamfuta alhali yana da shekara 80, kuma fim ɗin bai yi kasuwar da aka zata ba.

Akwai kuma abin da ke damuna a rukunin gaba ɗaya. Wannan dama ta maza ce kusan zalla; Michelle Yeoh, da ta ci Oscar a 2023 tana da shekara 60 da fim mai cike da faɗa, tana cikin ƙalilan da aka bai wa irinta. Sannan sau da yawa mugayen baƙi ne masu wani harshe, kuma maganin kowace matsala shi ne uba ya ɗauki doka a hannunsa. Mai kallo ya ji daɗin ganin an girmama ƙwarewa, amma ya san inda fim ya fara shafa masa zuma a baki.

Wurin da "tsohon" ta dace yana nan, kuma ba wurin murna ba ne. A watan Maris na 2022 iyalan Bruce Willis suka sanar cewa ya bar fim saboda larurar da ke hana shi sarrafa magana, yana da shekara 67, a 2023 kuma suka bayyana cewa cutar ƙwaƙwalwa ce mai ci gaba da tsananta. A shekarunsa na ƙarshe a harkar fim ya fito a ƙananan fina-finai da yawa da ba su shiga sinima ba, ana buga fuskarsa babba a jikin talla alhali mintunansa a ciki kaɗan ne. Shi ne za a kira tsohon ɗan wasa a faɗi gaskiya. In mai gabatar da shiri ya riga ya ɓarnatar da kalmar a kan Denzel Washington da Rajinikanth, waɗanda ke kan aiki, ranar da zai ba da labarin Willis mai sauraro ba zai gane cewa wannan karon da gaske mutumin ya bar allo ba.